Shuɗin Pikaso: Shin Labarin Zuciya A Tambayi Launi?

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. A 'yan shekarun nan kuma sai ga wasu na neman su ce mana a tambayi launi. Idan ja ka fi so, wai kai mai zafin rai ne. Idan baƙaƙen kaya ka fi sakawa, wai akwai abin da ke cin ka a zuci. Idan kuwa shuɗi ne naka, to ko dai kana cikin kewa ko kana cikin natsuwa, ya danganta da wanda ka tambaya. Duk sanda aka matsa wa masu wannan magana su kawo shaida, mutum guda suke fara kira: Pablo Pikaso, mai zanen nan ɗan ƙasar Sifaniya, wanda daga ƙarshen 1901 zuwa 1904 kusan duk abin da ya zana shuɗi ne. Labarin da ake bayarwa gajere ne mai daɗin faɗi. Amininsa ya mutu, baƙin ciki ya lulluɓe shi, sai duniya ta koma masa shuɗiya. Na daɗe ina duba hotunan waɗannan zane-zane, kuma a ganina akwai gaskiya a labarin, sai dai ba inda ake nuna mana da yatsa take ba.

Aminin nasa sunansa Carles Casagemas, matashi mai zane kuma mai rubuta waƙa, ɗan gidan masu hali a Basalona. Tare suka fara zuwa Faris a watan Oktoba na 1900, lokacin babban baje kolin duniya da aka yi a birnin, inda aka rataye wani zanen Pikaso a sashen Sifaniya. A can Casagemas ya kamu da son wata mata mai suna Germaine, son da bai kai ko'ina ba. Ranar 17 ga Fabrairu 1901, a wani gidan shan gahawa, gaban abokai, ya zaro bindiga ya harbe ta, Allah ya sa ta tsira, sa'an nan ya juya bindigar a kansa. Shekararsa 20. Pikaso, mai shekara 19, yana Madrid a lokacin, bai ga gawa ba, bai halarci jana'iza ba. Bayan shekaru masu yawa shi da bakinsa ya gaya wa marubucin tarihinsa, Pierre Daix, cewa tunanin mutuwar Casagemas ne ya sa ya fara zane da shuɗi.

To, tunda mai abu ya faɗa, ina sauran gardama? Gardamar tana cikin kwanan wata. Pikaso ya koma Faris 'yan watanni bayan mutuwar, kuma a watan Yuni na 1901 aka buɗe masa baje kolin zane a shagon Ambroise Vollard. Abin da ya kai can ba shuɗi ba ne. Furanni ne, da 'yan rawa, da filin sukuwa, da matan gidajen shaƙatawa, cikin ja da rawaya da kore masu kashe ido, an dankara fenti da kauri kamar mai zanen yana sauri kada jirgi ya bar shi. Kai, ko zanen da ya yi na gawar Casagemas ɗin kanta, wanda ake ganin tabon harsashi a gefen goshi, akwai kyandir a ciki yana fesa haske ja da rawaya har yana neman cinye rabin hoton. Wannan zane bai sayar ba, ya riƙe shi a wurinsa har ya bar duniya. Idan launi madubin zuciya ne da ke nuna abin da ke ciki nan take, to madubin Pikaso ya makara da fiye da rabin shekara.

Ban ɗauki wannan jinkiri a matsayin shaidar cewa bai ji mutuwar ba. Duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa ya san kwanakin farko na hidima ne, ana shiga ana fita, ana karɓar gaisuwa, ana neman tabarma da abincin baƙi. Sai an yi sadakar arba'in, gida ya yi tsit, sa'an nan mutum yake gane abin da ya same shi. Abin da jinkirin yake nuna mini shi ne shuɗin nan ba zubowa ya yi kamar hawaye ba. Zaɓensa aka yi, bayan an gwada wasu launuka an ga ba su ɗauki kayan ba.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin da masu son a tausaya wa Pikaso ba su cika faɗi ba. Da ya dawo Faris, a ɗakin zanen da marigayin ya zauna ya sauka, kuma ya ƙulla soyayya da ita Germaine ɗin. Saboda haka abin da ke zuciyar yaron nan ba kewa ce zalla ba, da wuya a ce babu kunya da zargin kai a ciki. Ana ganin alamar haka a babban zanensa na 1903 mai suna La Vie, wato Rayuwa. A hagu saurayi ne tsaye, wata mace ta jingina da kafaɗarsa. A dama wata uwa ce rungume da jariri, fuskarta a ɗaure. Saurayin ya ɗan miƙa yatsa wajenta kamar mai son yin tambaya. Fuskar saurayin ta Casagemas ce. Amma da masana suka haska zanen da irin na'urar da ake duba ƙashi a asibiti, sai suka tarar da farko fuskarsa Pikaso ya sa, daga baya ya shafe ya ɗora ta mamacin. A ƙarƙashin duka kuma akwai wancan zanen da aka rataye masa a baje kolin 1900, wanda ya kai su Faris su biyu. Ya binne shi da fenti. Wannan kaɗai ya fi mini kowane bayani a kan ma'anar shuɗi.

Wasu sun ce talauci ne kawai, fentin shuɗi ne mai araha. Gaskiya ne ya sha wuya a shekarun nan; akwai lokacin da gado ɗaya suke karɓa-karɓa da abokinsa Max Jacob, ɗaya ya kwana da dare, ɗaya ya kwanta da rana. Amma wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba. Fentin ruwan ƙasa ma mai araha ne. Sa'an nan zanen shuɗin ba ya sayuwa, masu kuɗi ba su son rataye mabarata a falonsu, har dillalinsa Pere Mañach, mai ba shi faran 150 duk wata, suka raba gari. Mai jin yunwa da aljihu yake yi wa zaɓi da ya ci gaba da zana furanni. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne abubuwa da yawa suka haɗu: mutuwar aboki, da sanyin Faris ga wanda ba shi da kuɗin gawayi, da ziyarar da ya riƙa kaiwa Saint-Lazare, gidan kason mata mai haɗe da asibiti, inda ya zana fursunoni da jariransu, da tasirin El Greco mai zana dogayen mutane ramammu, da na Isidre Nonell, ɗan Basalona da ya riga shi zana talakawan gefen gari. Shuɗi ma a wancan zamani yayi ne tsakanin masu zane da mawaƙan Turai. Yaro ɗan shekara 20 yana baƙin ciki, amma yana kuma neman suna, kuma ya san abin da ake yayi.

Yanzu bari mu zo ga idonmu, domin a nan ne nake ganin mai karatun Hausa yana da wata riba da Bature ba shi da ita. A Ingilishi, kalmar da ke nufin shuɗi ita ce kuma ake faɗi idan mutum na cikin damuwa, har wani kiɗan kukan zuci na baƙaƙen fatar Amurka da ita aka raɗa masa suna. Saboda haka mai jin Ingilishi tun kafin ya kalli zanen harshensa ya riga ya fassara masa. Amma Pikaso ba da Ingilishi yake tunani ba. A Sifaniyanci shuɗin jini sarauta yake nufi. Bafaranshe, kamar yadda duk wanda ya zauna ajin lakwal ya sani, da baƙi yake kwatanta damuwa, shuɗi a bakinsa na tsananin tsoro ne. Bajamushe kuwa idan ya ce mutum ya yi shuɗi, to ya bugu ke nan.

Mu kuma fa? Harshenmu ya raba zuciya tsakanin launi uku: farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, jan hali da jan aiki. Shuɗi ba ya cikin lissafin. Shuɗi a wurinmu na marina ne da karofi da ganyen baba, na turkuɗi da rawanin ɗan Kura da ake bugawa har ya riƙa walƙiya. Wanda ya ga Abzinawa ranar Biyanu a Agadas, rini ya kama musu goshi da yatsu suna taƙama da shi, ba zai ce shuɗi launin makoki ba ne. Launin kwalliya ne da wadata. Ko tsakanin maƙwabta ma ba a daidaita ba: 'yan'uwanmu na zangon Kumasi sun saba ganin Asante sun fita jana'iza cikin ja da baƙi, idan mamacin ya tsufa ƙwarai kuma a sa fari. Mu likkafaninmu fari ne, murnarmu ma fara ce, kuma ba mu taɓa rikita su ba.

Duk da haka, ka nuna wa Bahaushe zanen Tsoho Mai Jita, wanda ke ajiye a Shikago, ba tare da ka ce masa komai ba, zai ji sanyi ya ratsa shi. Me ya kawo haka, alhali harshensa bai ce masa shuɗi baƙin ciki ba ne? Amsar da na samu ita ce ba shuɗin ne ke aikin ba, inda aka sa shi ne, da abin da aka hana. Tsohon makaho ne, zaune ya harɗe ƙafafu, wuya ya karye gaba, riga ta yage a kafaɗa, yatsu dogaye kamar tsinke. Bango shuɗi, ƙasa shuɗiya, riga shuɗiya, wannan duk ba komai. Abin da ke tayar da tsikar jiki shi ne fatarsa ma shuɗiya ce. Ɗan Adam ko wane iri ne, baƙi ko fari, akwai ɗumin jini a fatarsa, kuma ido ya san wannan tun kafin a koya masa sunan launi. Da aka zare ɗumin nan sai mutumin ya zama abu ɗaya da bangon da ya jingina. Rini a kan zane ado ne, a cikin tsoka kuwa alamar jini ya daina gudu. Abu ɗaya tak aka bar wa launinsa a hoton, jitar, mai ruwan ƙasa. Ita kaɗai ce mai ɗumi, kuma ita ya rungume. Da an shafe ta da shuɗi ita ma, da zanen ya mutu murus.

Haka yake a Abincin Makaho, na 1903. Mutum zaune gaban tebur, gutsuren burodi a hannun hagu, hannun dama yana lalubar buta. Burodin da butar su ne masu ɗan ja-ja, sauran duka shuɗi. Wato abin da makahon yake iya taɓawa shi aka ba launi, abin da sai da ido ake saninsa aka dusashe. A nan ne nake sara wa Pikaso. Ya sa mai ido ya kalli duniya kamar yadda marar ido yake jin ta. Kuma abin lura ne yadda mai zane, wanda duk arzikinsa ido ne, ya dage yana zana makafi a waɗannan shekaru.

Saboda haka abin da zan yarda da shi game da launi da halin zuciya shi ne wannan: ba wane launi mutum ya ɗauka ba ne abin dubawa, launuka nawa ya ajiye. Wanda jiya yake wasa da goma yau ya maƙale wa ɗaya, ya ƙi saki shekara uku, lalle akwai magana. Da kore ya maƙale wa, ya shafa wa fatar mabarata kore, da mun ji irin wannan sanyin ko wanda ya fi shi.

Ba kuma duk zanen wannan zamani nasa ne ya burge ni ba, kuma gara a faɗa. Shuɗin yakan zama mayafi da ke sa talauci ya yi kyan gani. Dubi wanda ake kira Masifa, mutum uku, namiji da mace da yaro, tsaye ba takalmi a bakin teku, kowa ya sunkuyar da kai. Me ya same su? Ba a sani ba. Su wane ne? Ba a sani ba. An ce mana dai mu ji tausayi, an kuma zuba launin da zai taimaka mana. Talakan da na sani yana da fushi, yana da barkwanci, yana da wayo, yana cin bashi ya ɓuya. Na Pikaso galibi ba su da ko ɗaya, sun yi shiru sun jeru kamar waɗanda aka ce kada su motsa za a ɗauki hoto. Baƙin cikin mai zanen aka ara musu, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Shi ya sa na fi son Selestina, ta 1904, tsohuwa mai hakiya a ido ɗaya, lulluɓe da baƙin mayafi. Ita ba ta sunkuya ba. Da lafiyayyen idon take auna ka, kamar mai lissafin nawa za ta samu a jikinka. Shuɗin yana nan, amma ta fi ƙarfinsa.

Masu gajeren labari sukan rufe da cewa a 1904 ya koma Faris da zama, ya haɗu da Fernande Olivier, soyayya ta shigo, sai zanensa ya koma ruwan hoda. To, a je a kalli babban zanen wannan sabon zamani, na iyalin 'yan wasan tsalle-tsalle, na 1905. Mutum shida a wani fili fayau, ba gida ba bishiya, babu mai kallon idon wani, mace ɗaya ta ware gefe ta zauna. Launi ya yi ɗumi, kaɗaicin bai gusa ba. Yaro Mai Lofe, wanda aka sayar a kan dala miliyan 104 a 2004, furanni ne a kansa da bayansa, amma kayan jikinsa shuɗɗa ne, idonsa kuma na wanda hankalinsa ya yi nisa. Wanda ya ce ruwan hoda farin ciki ne, sunan da aka ba zamanin ya karanta, bai kalli zanen ba.

Su ma masu binciken halayyar ɗan Adam ba su ba masu duba da launi abin da suke so ba. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Max Lüscher, ya fito da gwaji a ƙarshen shekarun 1940, inda ake ba mutum kati takwas masu launi daban-daban ya jera daga wanda ya fi so zuwa wanda ya fi ƙi, a fassara masa halinsa. Yawancin abin da ake yaɗawa yau a wayoyi jikokin wannan gwaji ne. Abin dariya, a tsarin Lüscher shuɗi mai duhu natsuwa yake nufi da gamsuwa, ke nan da Pikaso ya je wurinsa a 1902 da an sallame shi an ce lafiyarsa lau. Masana da dama da suka auna gwajin ba su same shi abin dogaro ba. Wanda ya fi kama hankalina shi ne binciken da wasu likitoci suka wallafa a Manchesta ta Ingila a 2010. Sun raba tambayar: wane launi ka fi so, wane launi kuma ya yi kama da yadda kake ji? Masu ciwon damuwa suka fi nuna ruwan toka a kan yadda suke ji, masu lafiya suka fi nuna rawaya. Amma da aka zo launin da aka fi so, shuɗi ne ya yi gaba a wurin masu lafiya da marasa lafiya baki ɗaya. Ashe launin da mutum yake so daban, launin da yake ji daban. Kuma ruwan toka, idan aka duba, ai shi ne abin da ke saura bayan an janye sauran launuka.

Wannan ya sa nake ɗan jin haushi idan ina karanta wasu littattafanmu na soyayya a gidan rediyo. Marubuciya za ta ɓata rabin shafi tana lissafa mana leshi ruwan hoda, ɗankwali ruwan hoda, takalmi da jaka mahaɗinsu, har labulen ɗaki, a babi na uku. A babi na ashirin an saki yarinyar, uwarta ta rasu, ga ta kuma cikin wani leshin ruwan goro da mahaɗinsa. Ni da nake karantawa a gaban makirfo, mai sauraro ba ya ganin komai sai abin da kalma ta ba shi, kuma duk launukan nan ba su gaya masa komai game da ita ba, sai dai game da kantin da aka sayo su. Da marubuciyar ta ce mana yau kwana ashirin ke nan hijabi ɗaya take sakawa, akwatin lefe yana rufe, da mai sauraro ya ajiye abin da yake yi.

Shekara talatin da 'yan kai bayan zamanin shuɗi, Pikaso ya sake fuskantar mutuwa a zane, wannan karon ba ta mutum ɗaya ba. Ranar 26 ga Afrilu 1937, ranar kasuwa, jiragen yaƙin Jamus da Italiya masu goyon bayan Janar Franko suka yi ruwan bama-bamai a garin Gernika da ke arewacin Sifaniya. Yana Faris, a jarida ya ga hotunan, baƙi da fari. Zanen da ya yi ya kusa mita takwas a faɗi, mita uku da rabi a tsayi: uwa ta ɗaga kai sama tana kururuwa da gawar ɗanta a hannu, doki ya wage baki, sa yana tsaye, ƙwan lantarki a sama kamar ido. Yana da shekara 55, yana da kuɗin sayen kowane fenti a duniya. Dora Maar, wadda ta riƙa ɗaukar hoton aikin tun daga farko har ƙarshe, hotunanta sun nuna akwai lokacin da ya manna wasu takardu masu ado a jikin zanen yana gwadawa, daga baya ya ɓamɓare su duka. Zanen yana rataye a Madrid yau, baƙi da fari da ruwan toka.